Dogon hutu cikin damina: me za a kalla, me za a karanta, me za a saurara?

Tambayoyin wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya. An rufe makarantu, ruwa ya kankama, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Na zaɓi uku.

Malam, barka da aiki. Yarana huɗu, babbar shekararta 13, autan 6. Tun da aka ba su hutu suna gaban talabijin, in an ɗauke wuta kuma su yi ta rububin wayata. Maigida ya ba ni kuɗi in ƙara mana tashoshin katun a dikoda. In biya, ko akwai abin da ya fi? Uwar yara, Zariya.

Hajiya, barka kadai. Ki bar dikodar a ƙaramin tsarin da take. Agusta ba watan ƙara tashoshi ba ne. Kuɗin wata ake biya, kuma kwanakin tafiya suke ko da wuta ko babu. Ga shi da hadari ya haɗu hoton ke fara tsinkewa, domin ruwa mai ƙarfi yana raunana saƙon da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam kafin ya iso faranti. Wato daidai lokacin da yaran suka maƙale a ɗaki, lokacin ne allon zai yi baƙi.

Abin da ya rage a hannunki ki kai shi kantin littattafai. Ke da kike Zariya ai a bakin rijiya kike, nan ne gidan kamfanin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) mai buga tsofaffin littattafan Hausa. Ki nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne. Dalilin da ya sa na zaɓe shi ba don tsufansa ba ne. Gininsa ne ya dace da hutu: a littafin farko aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya riƙe shi a gida, kuma kowane labari ana iya gama shi a zama ɗaya. Bayan isha'i ki ba babbar ta karanta da ƙarfi, sauran su saurara, fitila mai caji ta wadatar. Labari ɗaya a dare, ko sun yi magiya kada a ƙara, gobe su ne za su tuna miki.

Kada ki yi mamaki in kin ji ta tana tuntuɓe a daren farko. Yaran yanzu da yawa sun fi sakin baki da karatun Turanci, in suka ci karo da ƙ da ɗ da ɓ sai su tsaya. Ki gyara mata a hankali, ba a gaban ƙannen ba. Kafin mako ya zagayo bakinta zai saba. In ta ƙare, Ruwan Bagaja na 1934 gajere ne, ga ban dariya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ma na shekarar ne, sai dai labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, ya yi wa autan nauyi, ki bar wa babbar ita kaɗai. Kowanne dai ki riga su leƙawa.

Wurin saye kuma ki buɗe littafin a gaban mai kanti. Akwai bugun sata da yawa a kasuwa: tawada ta dushe, shafuka sun yi tsalle, lanƙwasar haruffa ta goge. Ki duba farko, ki duba tsakiya, ki tabbata shafin ƙarshe yana nan.

Katun ɗin ba na ce a hana ba. A yanka masa lokaci dai.

Malam, ni ɗalibi ne, ina hutu a gida. Finafinai masu dogon zango nake bi a YouTube, amma data ta wata ba ta kai mini kwana goma. In sayi babbar data, ko in yi rajista da manhajar kallo? Ɗalibi, Gombe.

Ɗan'uwa, kafin ka ƙara kuɗi, ka toshe inda take zuba. YouTube da kanta take zaɓar maka kyan hoto, in ta ga intanet na da ƙarfi sai ta ɗaga. Ka shiga saiti ka mai da shi 360p. A allon waya bambancin ba zai dame ka ba, alhali 720p na cin ninkin wannan har fiye da sau biyu. Ka kashe abin nan mai kunna bidiyo na gaba da kansa, shi ne ke cinye data bayan barci ya ɗauke ka. Sannan kamfanonin waya na sayar da datar dare da araha. Ka saye ta, ka sauke abin da za ka kalla a cikin manhajar, da rana ka kalla ba tare da intanet ba. Ba kowane bidiyo ke saukuwa ba, amma da yawa suna yi.

Abin kallon kuwa, ka zaɓi zangon da aka riga aka kammala, ka bar wanda ake fitarwa mako-mako ya taru. Labarina na Aminu Saira da Daɗin Kowa na Arewa24 duk suna da tsofaffin zanguna da za su ishe ka hutun nan. Ka kuma kalla a tashar masu fim ɗin. Masu kwafa su sake ɗorawa sukan yanke ƙarshe, su cika talla, kuma ko sisi ba ya isa ga waɗanda suka yi wahalar. Ra'ayina dai, wasu finafinan ana jan su ne kawai don kada zango ya ƙare. In ka kalli kashi uku labari bai motsa ba, ka ajiye shi, ba bashi ka ci ba. Rajistar manhaja kuma ba ta raba ka da sayen data, kuɗi biyu ke nan.

Malam, mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ina so in aika masa da abin da zai ɗebe masa kewa a gona. Babbar waya ko rediyo? 'Yarsa, Kano.

Allah ya yi miki albarka. Rediyo. Babbar waya tana son caji kullum, tana son data, ba ta son ruwa da laka, ga shi Baba hannunsa na kan fartanya.

Ki sayi wadda ke da zango uku: FM, matsakaicin zango da gajeren zango. FM ba ta nisa, in ƙauyen ya yi wa gari tazara sai ta riƙa shashsheka. Gajeren zango ne ke tsallaka ƙasashe, ta nan mutanen karkara suka saba kama sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957. Ki sa mai shago ya kunna ta, ki juya kowane zango da hannunki, ki ja eriyar ki ga ba ta sako-sako.

Kada ɗan gilashin sola da ke bayanta ya ruɗe ki. Ƙarami ne, kuma cikin lumshin damina abin da yake tarawa kaɗan ne. Ki nemi wadda batirinta ke fita a sauya, wadda kuma ke karɓar batirin tocila in caji ya ƙare. In tana da wurin sa katin memori, ki kai katin wurin masu tura waƙoƙi a zuba masa karatun Alƙur'ani da tafsirin malamin da yake so, sai waƙoƙin zamaninsa, irin su Shata da Ɗanƙwairo. Ki tambaye shi tukuna, dattawa suna da gwanayensu. Katin ma akwai jabu, ki saurari na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ki bar shagon. Ki haɗa masa da leda mai kauri da zai riƙa naɗe ta in hadari ya taso yana gona.