Toyota 86, Golf GTI ko Mazda MX-5: wacce za ka saya?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman motar jin daɗin tuƙi wadda ba za ta cinye maka jari ba, kuma ka rasa zaɓi tsakanin ukun nan. Ni dai 86 zan ce ka ɗauka.

A 2012 ta fito, injinta na Subaru ne, lita 2, ƙarfin doki kusan 200. Tayoyin baya ne ke tura ta, shi ya sa idan ka shiga kwana kana jin duk abin da take yi a hannunka. A miƙaƙƙen titi GTI za ta wuce ta saboda turbo, amma daɗin kwana daban ne. Samu mai giyar hannu. Waɗanda aka shigo da su daga Amurka sukan zo da sunan Scion FR-S, mota ɗaya ce.

GTI ta fi dacewa da mai iyali, sai dai giyarta ta DSG, wata irin giya mai canza kanta, ba kowane bakanike ya san ta ba. MX-5 kuwa kujera biyu ce tak.

Kafin ka biya kuɗin 86 ɗin, a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta. Ba ta da tsayi daga ƙasa, ramukan titi kan yi mata illa.