Garin zogale da ƙuliƙuli: wanne zan ba yara?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Na sayi garin zogale a kasuwar Kejetia, da na buɗe ledar sai na ga kalarsa ta koma ruwan ƙasa, kuma ƙuliƙulin da nake saya wa yara wani lokaci ɗaci yake yi. Akwai matsala ne? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Garin zogale mai kyau kore ne shar, don a inuwa ake shanya ganyen, in kika ga ya dafe haka to rana ta buge shi ko ya kwana biyu a shago. Ki shinshina, in kin ji warin danshi zubar da shi kawai.

Amma wallahi maganar ƙuliƙulin ta fi damuna. Gyaɗar da ta sha danshi takan yi fumfuna, ita kuma fumfunar tana fitar da wata guba da ake kira aflatoksin wadda ke lalata hanta a hankali, kuma suya ba ta kashe ta, to kin ga yaro ƙarami da yake ci kullum a hanyar makaranta abin tsoro ne. Duk wanda ya yi ɗaci kar ki ba su. Ni gwara in sayi gyaɗata, in baza a faifai in tsince baƙaƙen da masu yaushi, in soya da kaina.

Na kwalba ko fakiti kuwa, duba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da ranar da zai lalace. In kina shan maganin suga ko hawan jini, faɗa wa likita kafin ki fara zogalen.