'Yan tsanan nan masu fukafukai, su wane ne a al'adar Ailan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai saƙar kwarashi ce, ina yin hulunan jarirai da 'yan tsana. A intanet ina yawan ganin wasu 'yan tsana masu fukafukan malam-buɗe-littafi, da 'yan ƙofofin katako da ake kafawa a gindin bishiya, wai na "feri" ne, daga al'adar ƙasar Ailan. Shin mala'iku ne a wurinsu, ko me? Daga wata mai saƙa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba mala'iku ba ne. Hasali ma da za ki kai wa wata tsohuwar ƙauyen Ailan ta shekara 200 baya wannan 'yar tsana, ba za ta gane ta ba, don halittun da ta sani ba su da fukafukai, da yawansu tsawon mutum gare su, kuma tsoronsu take ji.

A harshen Ailan sunansu aos sí, wato mutanen tuddai. Tsohon littafin asalin mutanen Ailan, Lebor Gabála Érenn, wanda aka harhaɗa a ƙarni na 11, ya kawo labarin wata al'umma mai sihiri, Tuatha Dé Danann, da ta mulki tsibirin har kakannin mutanen yanzu suka ci ta da yaƙi. Ruwayoyi suka ce daga nan sai suka shige ƙarƙashin tuddai. Tuddan kuwa suna nan, irin su Newgrange, kushewar da aka gina wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ta girmi dalar Giza ta Masar.

Ki lura da yadda ake ambatonsu, nan za ki ji kamar a gida. Ba a kama sunansu gatsau. A Ailan "mutanen kirki" ake cewa, a Wels, wani yanki na Birtaniya, Tylwyth Teg, wato kyakkyawan dangi, kamar dai yadda mu ke cewa mutanen ɓoye. Ana ajiye musu madara a bakin ƙofa, ana sa ƙarfe kusa da jariri don su nisance shi. Tsamiyarsu ita ce wata bishiya mai ƙaya da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona. Manomi ya gwammace ya kewaye ta da garma. Ko a 1999, da za a yi babban titi a Latoon, cikin gundumar Clare, mai tatsuniya Eddie Lenihan ya yi ta gargaɗi kan wata irinta, aka bar ta tsaye a gefen titi.

Mafi muni shi ne imani da musanya: wai sukan ɗauke mutum su bar nasu a madadinsa. Yara masu ciwon da ba a gane kansa ba su suka fi shan wahalar wannan, kwatankwacin abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan ruwa a wurinmu. Manya ma ba su tsira ba. A watan Maris na 1895, a gundumar Tipperary, wata tela mai suna Bridget Cleary, 'yar shekara 26 mai keken ɗinkinta, ta kwanta rashin lafiya. Mijinta Michael ya rantse ba matarsa ba ce, ya watsa mata kananzir ya ƙone ta a gaban danginta, yana sa ran ta gaskiyar za ta fito daga tudu a kan farin doki. Kotu ta ɗaure shi shekara 20.

To ina fukafukai suka fito? Daga Ingila. Shakespeare ya mai da su 'yan mitsi-mitsi a wasan kwaikwayo, masu zane na ƙarni na 18 da na 19 suka liƙa musu fukafukan ƙwari, sannan Tinker Bell, 'yar ƙaramar feri ta wasan Peter Pan na 1904, da fim ɗin Disney na 1953, ta kammala aikin. A ganina an yi wa Ailan fashin labari ne aka mayar mata da kayan wasan yara. Wani abin dariya, a 1917 wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila suka yanka hotunan feri na takarda, suka kafe su da allurar hula, suka ɗauki hoto, har marubuci Arthur Conan Doyle ya gaskata ya buga a mujalla. Sai a 1983 suka amsa cewa wasa ne.

'Yan ƙofofin da kike gani ado ne na zamani, ana sayar wa iyaye don yara. Idan mai fukafukai masu saye ke nema, saƙa musu, sai dai ki san ta Ingila ce. Idan kuwa ta Ailan kike so, cire fukafukan, ki yi mata siffar mutum sosai, da koriyar riga da jar hula, launukan da tatsuniyoyinsu suka fi ambata.