Amosani ya hana ni sakat duk da man da nake shafawa: in ƙara ko in daina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Shekara ɗaya da rabi ke nan da na daina sa rilaksa, na koma gashina na asali. Duk wadda na tambaya sai ta ce mini sirrin abin shi ne mai, kada in yarda fatar kaina ta bushe. Mai kitsona tana bin kowace tsaga da man kaɗanya haɗe da man zaitun, ni ma ina ƙarawa kusan kullum kafin in kwanta. Amma amosani sai ƙaruwa yake yi, ƙaiƙayi har tashe ni yake daga barci, ga ƙuraje sun feso mini a goshi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, 'yata mai shekara 6 ta yi wani fili a tsakiyar kai, gashin wurin ya kakkarye, yana fari-fari. Maƙwabciyata ta ba ni wani man haɗi da ta saya a intanet, ina shafa mata, amma wurin sai faɗi yake ƙarawa. Don Allah man ne bai ishe mu ba, ko wani iri ya kamata in saya?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, ki daina shafa wa yarinyar nan man maƙwabciya daga yau. Matsalarta daban take da taki, kuma ta fi taki gaggawa, zan zo kanta. Ke kuwa man bai yi miki kaɗan ba, yawa ya yi. Gashi yana son mai, musamman irin namu mai murɗe, amma fatar kai tana fitar da nata maiƙon da kanta, kuma tana cikin wuraren da suka fi ko'ina maiƙo a jikin mutum. Inda ruɗanin yake shi ne wannan maiƙon ba ya iya gangarowa a kan gashi mai lanƙwasa kamar yadda yake yi a kan mai santsi. Sai ya tsaya a gindi, jelar gashin kuma ta bushe ƙayau. Mace ta taɓa jelar ta ji ta a bushe, sai ta ɗauko kwalba ta bi tsaga, wato ta kai mai inda ya riga ya wadata, ta bar inda ake nemansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da ta zauna daram a zukatan mutane, wai duk farin abin da ya fito a kai bushewa ce, maganinta mai. Da wuya in zauna ganin marasa lafiya ban ji ta ba. Kaka ta faɗa, mai kitso ta faɗa, mai talla a TikTok ta faɗa tana kaɗa gashin da ba mu san ko nata ba ne. Amosanin da ya zo da ƙaiƙayi irin naki, a mafi yawan lokuta, ba bushewa ba ce ko kaɗan. Akwai wata ƙwayar halitta dangin funfuna, Malassezia, da ke zaune a fatar kan kowa, mai lafiya da marar lafiya. Ba ta iya ƙera kitsen da take rayuwa da shi, dole sai ta samu daga waje. Tana farfasa maiƙon kai ta ci abin da take so, ragowar da ta bari ita ke fusata fatar wasu mutane, fatar ta shiga saɓa da gaggawa, ƙaiƙayi ya biyo baya. Babban abin da ke cikin wannan ragowar shi ne sinadarin da ya fi yawa a man zaitun, yana kuma da yawa a man kaɗanya. A ɗakin gwaje-gwaje ma, idan ana son renon wasu nau'o'inta, man zaitun ake shimfiɗawa a kan farantin da aka shuka ta. To ke kuma kullum dare kina kai mata shi har gida. Ana magani kai na kaba ke nan.

Na san abin da za ki ce: ai idan na shafa ina jin sauƙi, farin ma ɓacewa yake. Bai ɓace ba, jiƙewa ya yi ya manne. Ki lura ranar tsifa. Idan kika kankare gindin kitso da wutsiyar mataji, za ki ga wani abu mai danƙo, rawaya-rawaya, ya taru ya cika miki farce, wani lokaci har da tsami-tsamin wari. Wannan shi ne amosanin makonni uku da kika riƙa liƙewa da mai, ya haɗu da gumi da ƙura. Bushewar gaske ba haka take ba. Ita tana zuwa da hunturu, garinta ƙanana ne farare kamar ƙura, fatar kan tana ɗaurewa bayan wanka, kuma za ki ga ƙafafu da hannaye su ma sun yi furu-furu. Amosani kuwa ɓawonsa ya fi girma, yana da maiƙo, kuma ba ya tsayawa a kai kaɗai. Ki duba gefen hancinki, da girarki, da bayan kunne. A baƙar fata ba lallai ki ga ja ba, sau da yawa wurin haske yake yi ya fi sauran fatar, musamman a bakin goshi, har wasu su ɗauka ƙyasfi ne.

Sai kuma yanayin da muke ajiye kan a ciki. Kitso ya yi wata ɗaya ko fiye ba a wanke ba don kada ya tsufa. An zuba ruwan wankan tsarki a kansa, tun bai bushe ba an ɗaura ɗankwali, an ɗora hijabi, an shiga zafin watan Afrilu. Ɗumi, laima, maiƙo, duk abin da wannan ƙwaya ke so an haɗa mata. Ban ce a daina rufe kai ba, kada wata ta je ta ce likita ya faɗa. Cewa na yi a bar kai ya sha iska ya bushe a cikin gida kafin a ɗaure, a riƙa wanke ɗankwalin kwana da rigar filo, don su ma sun sha man nan sun ƙoshi.

Wata za ta ce to ita basilin take shafawa. Gaskiya ne ƙwayar ba ta cin basilin, amma yana zama a kan fata ya riƙe ɓawo da ƙura, sabulu kuma ba ya fitar da shi da sauƙi. Ƙurajen goshinki ma daga man nan suke. Yana narkewa da gumi ya gangaro, ya toshe ƙofofin fata, shi ya sa suke jeruwa a bakin gashi da gefen fuska, ba a haɓa ko kumatu ba. Idan kika daina, yawanci suna lafawa da kansu cikin 'yan makonni.

Abin da za ki yi shi ne ki tsefe kan, ki nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 a kantin magani mai rajista. Ki shafa shi a fatar kai, tsaga bayan tsaga, da tafin yatsu ba da farce ba, ki bar shi minti 5 kafin ki ɗauraye. Sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan sau ɗaya a mako ko a mako biyu don kada ya dawo, domin amosani lallaɓa shi ake yi, ba ya tafiya gaba ɗaya. Idan ba ki samu ba, mai selenium sulfide ma yana aiki. Waɗannan shamfu suna busar da gashi, saboda haka ki bi jelar da kwandishana, ko ruwan karkashi idan shi kika saba, yauƙinsa yana sauƙaƙa taza. A wannan watan ki haƙura da ƙananan kitso, ki yi manyan kalaba da za ki iya wankewa da su. Idan wata ya cika babu canji, ko ɓawon yana da kauri yana zubar da jini idan an ɓanɓare, ki zo a duba, don akwai wasu cututtukan fata masu kama da amosani.

Mai kuma ki mayar da shi wurinsa. Ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙawa, shi aikinsa riƙe laimar. Ki fesa ruwa, ki lakaci ɗan man kaɗanya ki murza a tafin hannu har ya narke, ki bi gashin daga tsakiya zuwa jela. Man kwakwa yana shiga cikin silin gashi, yana da kyau a shafa kafin wanki. Ko matan Chadi da aka san su da chebe, wani garin haɗi na gyaran gashi, a jikin gashi suke damɓara shi, suna kauce wa fatar kai, kuma tsawon da ake gani ya samu ne don gashin ya daina karyewa. Gashi yana fitowa kimanin santimita 1 a wata, babu kwalbar da za ta mayar da shi kamu guda cikin sati biyu, ko da an rantse miki da abin da zai kashe mai rantsuwar. Wadda ba ta da amosani, fatar kanta ta bushe da gaske a hunturu, ɗigo kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako ba laifi, muddin za a wanke.

Yanzu 'yarki. Ban gan ta ba, amma fili a kan yarinya mai shekara 6, gashi ya kakkarye, wurin yana fari-fari yana faɗaɗa, abu na farko da kowane likita zai kawo shi ne makero. Kuma a nan ne wannan tunani na "fari ya fito, a shafa mai" yake tashi daga abin takaici ya koma ɓarna. Ƙwayar makero tana shiga cikin silin gashi ne har zuwa saiwarsa. Babu mai, babu man shafawa na asibiti ma, da ke isa can. Maganin sha ne, griseofulvin na mako 6 zuwa 8, ko terbinafine na kimanin mako 4, gwargwadon nau'in ƙwayar, kuma da nauyin yarinya ake auna shi, ba da ƙiyasin mai kemis ba. Idan griseofulvin aka ba ta, a ba ta shi bayan abinci mai maiƙo ko da madara, ya fi shiga jiki.

Man haɗin nan kuwa, wa ya haɗa shi? Me ke ciki? Akwai lambar NAFDAC a jikinsa, ko dai hoton gashi ne da lambar waya? Na sha ganin kwalaben da aka matse man steroid a ciki, wato maganin asibiti mai ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su clobetasol da betamethasone, aka gauraya da man zaitun da turare. Irin wannan yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, uwa ta yi ta godiya tana tura wa ƙawaye lambar mai sayarwa, alhali ya danne garkuwar fatar ne, makeron yana ta yaɗuwa a ɓoye. Idan ya ƙi, sai a koma baƙin man mota, ko kananzir, ko a daka tafarnuwa a ɗaure a wurin har fatar yaro ta ƙone ta saluɓe. Wani lokaci makero yakan kumbura ya yi lugub yana tsatsafo da mugunya, gashin yana fita da an taɓa. Sai a ce maruru ne, a kai wa wanzami ya tsaga. Ba maruru ba ne, kuma tsagawar ba ta ƙara komai sai rauni. Idan wurin ya warke da tabo, saiwar gashin ta mutu, babu likitan da zai sake tsiro da shi. Yarinya ta girma da sanƙo a tsakiyar ka saboda abin da magani na 'yan makonni zai kawar. Masu haɗa mayukan nan a bayan ɗaki suna sayar wa iyaye mata, ku ji tsoron Allah. Kan 'ya'yan mutane ba wurin gwaji ba ne, kuma haƙƙin yarinyar da kuka nakasa ba zai bar ku ba don kun rubuta "na gargajiya zalla" a jikin roba. Ku ma masu bayarwa da kyakkyawar niyya, maƙwabta da dangi, idan ba ku san abin da ke cikin kwalba ba, kada ku miƙa ta a shafa wa yaron wani.

Ki kai ta asibiti cikin makon nan. Kina Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kuma ko likitan yara a asibitin da ya fi kusa da ke zai iya dubawa ya fara magani. Kwana biyu kafin ku je kada ki shafa mata komai, don idan za a kankari ɓawon a duba, mai yana ɓata gwajin. A duba kan sauran yaran gidan, har da maza masu zuwa wurin aski, don makero yana bin mataji, da injin aski, da hula, da filo, wani lokaci har da kyanwar gida. Shamfun nan naki za a iya wanke mata kai da shi sau biyu a mako don rage yaɗuwa ga wasu, amma ba ya maye gurbin maganin sha. Ba sai an aske ta ba, kuma da zarar ta fara shan magani za ta iya ci gaba da zuwa makaranta da Islamiyya. Za ki ga wurin ya yi kyau tun a mako na biyu ko na uku, kada wannan ya sa ki tsayar da maganin, a shanye shi har ranar da likita ya yanke. Ki ware mata matajinta ita kaɗai, ki riƙa wanke shi da ruwan zafi da sabulu, kuma idan ta warke za ta koma wurin mai kitso, da shi za ta tafi.