Amsa ga mai son ya haɗa wilin keke da hannunsa

Ƙanena, ka ce janti na baya, wato zoben ƙarfen da taya ke zama a kai, ya lanƙwashe, ka sayi sabo a babbar kasuwa, kana tambaya ko za ka iya ɗaura reyon, wato siraran ƙarafan cikin wili, da kanka ko sai ka kai wa mai gyara. Za ka iya, amma kada ka kwance tsohon wilin tukuna.

Ka jera sabon janti a jikin tsohon, ramin bawul daidai da ramin bawul, ka ɗaure su da tsumma wuri uku. Ka sassauta reyon duka, sannan ka riƙa ƙaura da su ɗaya bayan ɗaya zuwa ramin da ke kallonsu. Ta haka saƙar ba za ta rikice maka ba. Amma fara ƙirga ramuka: yawancin kekuna 36 ne, tsofaffin Raleigh kuwa 32 gaba, 40 baya. In ba su zo ɗaya ba, mayar da shi.

Inda aikin yake shi ne ɗaurewa. Wilina na farko na ɗaure gefe guda tamau kafin in taɓa sauran, ya fito kamar ƙwai. Na hau haka nan, kan hanyar Tibiri tsinin wata reyon ya huda mini shambur, robar iskar cikin taya, na turo keken har gida cikin rana. Ya yi mini ciwo, don kwana biyu na yi a kansa.

Ɗiga ɗan mai a kan notin kowace reyon. Fara daga bawul, ka ba kowane juyi ɗaya, ka zagayo, ka sake. Da sun fara ƙarfi, mayar da wilin jikin keken, ka kifa keken, ka juya wilin kana kallon robar birki. In janti ya goga dama, ƙara wa reyon na hagu a wurin kwatan juyi, ka rage wa na dama kwata. Kwata fa, ba fiye ba. Ni ina kaɗa su da farce kamar tsirkiyar gurmi. Wadda ta yi sako-sako muryarta daban ce.

A ƙarshe matse su bibbiyu da hannu, za ka ji ƙas-ƙas, ka sake dubawa. Goge duk tsinin da ya leƙo, ka yanko tsohon shambur ka naɗe cikin janti. In za ka ɗora buhun gero, yi kwana biyu kana hawa ba kaya, ka sake duba shi tukuna.