Idan annoba ta ɓarke, ina ruwan likitan tiyata?

Malam, ka tambaya ko shugaban likitocin tiyata yana da wani aiki a lokacin annoba, tunda cutar ba ta wuƙa ba ce. Yana da shi, har ya yi masa yawa.

Annoba ba ta hana hanji toshewa, ba ta hana haihuwa gardama. Aikinsa na farko tantancewa ne: tiyatar da za ta iya jira a ɗage ta, ta gaggawa a yi ta yau. Masu ciwon daji su ne a tsakiya, kuma nan ne hukuncin ke da nauyi, don ƙarin da ake iya cirewa yau yana iya gagara bayan wata uku. Lokacin korona a 2020 an ɗage miliyoyin ayyukan tiyata a duniya.

Sannan ya raba ma'aikata gida biyu, kada su haɗu ko wajen cin abinci. Ɗaya ya kamu, rukuninsa kawai za a killace.

Abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne atisayen cire kayan kariya. Wajen cirewa ake kamuwa: mutum ya gaji, zufa na zuba, sai ya kai hannu ido kafin ya zare safar hannu. Dole a tsayar da wani yana kallo yana faɗa masa mataki-mataki, kuma babban likita ne ya kamata a fara yi wa gyara a gaban kowa.

Likitan tiyata ma yana iya kamuwa. Dakta Martin Salia na Saliyo, wanda Ebola ta kashe a Nuwamban 2014, likitan tiyata ne. Gwajinsa na farko ma bai nuna cutar ba.