Allurar hana daskarewar jini: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Mahaifiyarmu mai shekara 72 ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, an yi mata tiyata. Likita ya rubuta allurar hana daskarewar jini mai suna Clexane, kullum ɗaya har kwana 28. Kuɗin ya yi mana nauyi, ga shi ba ta da ciwon jini. Mai kemis ya ce asfirin ma yana tsinka jini. Mu sayi asfirin ɗin? Daga Gusau.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ɗan'uwa, kada ka canza maganin nan a bakin kanta.

Jinin ƙafa ba ya komawa zuciya da kansa, naman sharaɓa ne ke matsa jijiyoyi yana tura shi sama duk lokacin da mutum ya taka. Idan aka kwanta kwana da kwanaki, jinin sai ya kwanta shi ma. Ga karaya da wuƙar tiyata sun taɓa jijiyoyi, ga jiki ya ƙara wa jini kauri don ya tsayar da zuba. Abubuwan nan uku, wato tsayawar jini da raunin jijiya da kaurin jini, su ne ke haɗa gudan jini a jijiyar can cikin ƙafa, kuma a jikin Hajiya duk sun hallara. Abin tsoron shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe hanyar huhu. A nan ne ake jin an ce mara lafiya ya samu sauƙi har an sallame shi, ya miƙe zai zaga, sai numfashi ya sarƙe. Sau da yawa ƙafar ba ta ma kumbura ba kafin hakan.

Shi ya sa aka rubuta kwana 28. Bayan aikin ƙugu haɗarin ba ya ƙarewa ranar sallama, yana bin mutum gida har makonni. Wani kuskure da akan yi shi ne a sayi ta kwana biyar, a ga Hajiya ta fara zama tana cin tuwo, a ce ta warke.

Asfirin kuwa, gaskiya ne wasu likitocin ƙashi kan yi amfani da shi ga wasu marasa lafiya, amma sai sun auna haɗarin mutumin. Ka koma wurin likitan ka faɗa masa ƙarfin aljihunku ba tare da jin kunya ba. Akwai allurar hefarin ta asali, ita ma mai hana daskarewar jini, da ake yi raka'a 5,000 a ƙarƙashin fata sau biyu ko uku a rana, wadda galibi ta fi araha, sai dai yawan sukan allura. Akwai kuma ƙwayoyi na sha irin su rivaroxaban mai miligiram 10, sau ɗaya a rana, da ake bayarwa bayan wasu ayyukan ƙugu da gwiwa. Shi zai san wanda ya dace da ƙodarta da shekarunta.

Tambaya: Maigidana yana kwance da ciwon huhu. Ana yi wa na gadon kusa da shi allurar hana daskarewar jini a fatar ciki kullum, shi ba a yi masa. Ko mantawa aka yi? Daga Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, tana iya yiwuwa an manta, tana kuma iya yiwuwa da gangan ne. Ba kowa ake yi wa ba, awo biyu ake yi tun ranar kwanciya.

Na farko haɗarin daskarewa. Ga waɗanda ba tiyata ta kawo su ba, ana yawan amfani da ma'aunin Padua. Ciwon daji, ko taɓa samun gudan jini a baya, ko kwanciya ta kwana uku ba tashi sai dai zuwa banɗaki, kowanne maki 3 ne. Rauni ko tiyata cikin watan da ya wuce maki 2. Shekara 70 zuwa sama, ƙiba mai yawa, gazawar zuciya ko ta numfashi, cuta mai zafi irin ta huhu, da shan maganin homon irin wasu ƙwayoyin tsarin iyali, kowanne maki 1. Wanda ya kai 4 yana cikin haɗari. Kin ga idan maigida yana tashi yana zirga-zirga da ƙafarsa, makinsa na iya tsayawa a 1 ko 2. Idan kuwa ya kwana uku ba ya sauka daga gado, ya kai 4 ke nan.

Na biyu haɗarin zubar jini. Mai gyambon ciki da ke zuba, ko baƙin bahaya, ko ciwon hanta mai tsanani, ko ƙarancin ƙwayoyin jini masu tsayar da zuba, ko wanda jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, allurar na iya yi masa illa fiye da amfani.

Idan likitoci sun zo zagayen safe, ki tambaya kai tsaye: an auna haɗarin daskarewar jininsa? Halin mara lafiya yana canzawa, awon ranar farko bai isa ba. Ki kuma faɗa musu idan yana da sikila, ko wani a danginsa ya taɓa samun gudan jini, ko yana shan maganin gargajiya.

Tambaya: An yi wa matata aikin haihuwa, an ce mu ci gaba da allurar a gida kwana 10. Me zan duba wajen saye, kuma yaya ake yi? Na kuma ji an ce daga alade ake samo ta. Daga Kaduna.

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Sunan maganin enoxaparin, Clexane suna ne kawai da kamfani ya sa masa, don haka wani samfurin mai rajista ma ya yi. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma duba ƙarfinta. Ta rigakafi ga yawancin manya miligiram 40 ce, wato raka'a 4,000 a cikin sirinjin da aka riga aka cika. Akwai masu 60 da 80, kada a ba ka su a ce duk ɗaya ne. Mai jiki sosai ana ƙara masa, mai raunin ƙoda ana rage masa, wannan aikin likita ne. Ba a son ta wuce zafin digiri 25, saboda haka kemis ɗin da rana ke dukan kwalayensa a watan Afrilu ba wurin saye ba ne. A gida a ajiye ta wuri mai sanyi, amma kada ta yi ƙanƙara.

Wajen yi, a wanke hannu. A zaɓi gefen ciki, kamar faɗin yatsu uku daga cibiya, nesa da ɗinkin. A tattaro fata tsakanin babban yatsa da manuniya, a soka allurar a miƙe har ƙarshenta, a tura a hankali ana riƙe da fatar. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin kada a fitar da shi, shi ke tura ragowar maganin. Bayan an zare kada a murza, murzawa ce ke kawo tabo baƙi. Yau dama, gobe hagu, a lokaci guda kullum. Ba a yin ta a ɗuwawu cikin tsoka, jini zai taru a wurin.

Tana iya shayarwa. Amma a guji diclofenac da ibuprofen sai da izinin likita, kuma ba ƙaho ba tsaga a kwanakin nan. Idan jinin biƙi ya ƙaru sosai, ko ɗinki na tsattsafo da jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar.

Maganar alade gaskiya ce, daga hanjinsa ake tace hefarin da enoxaparin. Malamai da dama sun halatta irin wannan saboda larura, kana iya tuntuɓar malaminka. Akwai fondaparinux da ba daga dabba aka yi ta ba, amma samunta da wuya. Kada dai a dakatar da allura ana jiran amsa.

Tambaya: Babana ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kuma da ciwon suga. Na ga safar matse ƙafa a kasuwa, in saya masa? Ƙafarsa ɗaya ma ta ɗan kumbura, muna yi masa tausa da man zafi.

Amsa: Ku daina tausar nan yanzu. Ƙafa ɗaya da ta kumbura ga wanda ke kwance, musamman da zafi ko ciwo a sharaɓa, gudan jini ne har sai hoton sikanin ya nuna ba shi ba ne, kuma ana gudun matsa ta ya ɓalle shi. A kai shi a duba yau. Idan ya fara haki, ko ciwon ƙirji, ko tari da jini, kada a jira gari ya waye.

Safar kuwa kada ka saya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna ba ta hana gudan jini ga masu shanyewar ɓarin jiki, sai ma ƙara gyambon fata. Ga mai suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, safa na iya cin fata bai sani ba. Abin da ya nuna amfani ga irinsu shi ne na'urar da ke hura iska tana matsa ƙafa tana saki, idan asibitin na da ita. Ko wanda safar ta dace da shi, sai an auna idon sawu da sharaɓa da tef, a riƙa cire ta kullum ana duba fata, kuma kada a naɗe bakinta, domin naɗin yana shaƙe jijiya kamar igiya.